Sarƙar Ɗaure Babur Mai Kaurin Milimita 16: Ra'ayina Bayan Shekara Ɗaya da Rabi

Na daɗe ina dogara da makullin wuyan babur kawai, wanda ake murɗa kan babur gefe a zare makulli, har zuwa ranar da na fahimci cewa abin da ke riƙe da wuyan ɗan guntun ƙarfe ne wanda ƙaƙƙarfan mutum zai iya karya shi da fizga ɗaya ko biyu. Ko da bai karye ba, mutum biyu ko uku sun isa su ɗaga babur cak su jefa shi a bayan mota. Wannan ne ya sa na sayi sarƙa mai nauyi tare da babban kwaɗo, kuma bayan shekara ɗaya da rabi ina ɗaure babur ɗina da ita kowane dare, ina ganin na san ta sanin da zai ba ni damar faɗin alherinta da kuma inda ta gaza.

Kaurin ƙarfen kowane zobe na sarƙar milimita 16 ne, tsawonta mita 1.5, nauyinta kuma ya kusa kilo 7 ba tare da an haɗa da kwaɗon ba. Ba don son girma na zaɓi wannan kaurin ba. Makamin da ɓarayin babur suka fi so shi ne dogon almakashin yanke ƙarfe, saboda ba ya ƙara kuma ba ya buƙatar wuta ko batir. Sarƙa mai milimita 8 ko 10 ba ta daɗewa a bakinsa, mai milimita 13 tana wahalar da shi ƙwarai, amma daga milimita 16 zuwa sama, matuƙar ƙarfen na kirki ne, ko mafi girman almakashin hannu ba ya iya datse zoben. Akwai masu milimita 19 da 22, sai dai nauyinsu ya wuce abin da mutum zai jure ɗauka da saukewa safe da yamma.

Kauri shi kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne mutane da yawa ke yaudaruwa da sarƙar da ake jan kaya da ita, wadda take da girma a ido amma ƙarfenta mai laushi ne, zarto ma yana cin ta. Tawa an ƙera ta da ƙarfen da aka gauraya da sinadarin boron, sannan aka gasa shi ta yadda bayansa ya yi tauri sosai, cikinsa kuma bai bushe har ya zama mai saurin fashewa ba. Dalilin hakan a fili yake: taurin waje shi ke hana zarto da almakashi kamawa, juriyar ciki kuma ita ke hana zoben tarwatsewa idan aka dake shi da guduma. Na gwada goga magagari a kan zobe ɗaya a ranar da na same ta, sai ya riƙa santsi yana wucewa, bai bar komai ba illa ɗan ƙyalli.

Kwaɗon ya burge ni fiye da yadda na zata. Irin wanda kafaɗunsa suka taso suka rufe lanƙwasasshen ƙarfen ne, don haka idan zobban sarƙar suka shiga, babu wani sarari da ya rage wanda bakin almakashi zai samu ya kama. Duk wanda ya haɗa sarƙa irin wannan da ƙaramin kwaɗon ƙofar ɗaki ya yi asarar kuɗinsa, domin ɓarawo ba zai kula sarƙar ba, kwaɗon zai nufa kai tsaye. Abin da kawai kwaɗon yake nema daga gare ni shi ne ɗan mai a ramin makulli lokaci zuwa lokaci, da kuma juya ramin ya kalli ƙasa don kada ruwan sama da ƙura su taru a ciki.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne cewa yadda aka ɗaura sarƙar ya kai ingancin ƙarfenta muhimmanci. A makonnin farko ina zagaya ta ne a tayar gaba in kulle, ina ganin na gama. Amma tayar gaba ana iya kwance ta da sifana cikin ɗan lokaci, a bar wa mai babur taya da sarƙarsa a tafi da sauran. Haka kuma sarƙar da ba a ɗaure ta da wani abu kafaffe ba tana hana a tura babur ne kawai, ba ta hana a ɗauke shi. Daga baya na sa aka kafa mini turken ƙarfe a cikin kankare a inda nake ajiye babur, na koma ratsa sarƙar ta cikin tayar baya da ƙarfen jikin babur sannan ta shiga turken. Na kuma koyi ɗage ta daga ƙasa da matse ta yadda ba za ta yi lilo ba, saboda sarƙar da ke kwance a kan siminti ta ba mai guduma maƙera a banza, ta kuma ba mai almakashi damar kafa hannu ɗaya a ƙasa ya danna ɗayan da dukan nauyin jikinsa.

A nan ne tsawon mita 1.5 ya ba ni matsala. Zobban manya ne, ba sa lanƙwasuwa kamar na siririyar sarƙa, don haka zagayen taya kaɗai yana cinye wani kaso mai yawa na tsawon, kuma dole in tsayar da babur daf da turken kafin bakunan biyu su haɗu. Girman zobban kuma yana hana su wucewa ta wasu ramukan jikin babur, saboda haka ina shawartar mai niyyar saye ya fara auna ramin da yake so ya ratsa kafin ya biya. Rigar yadin da aka sa wa sarƙar tana kare fenti daga ƙarzuwa, amma tana riƙe ruwa, kuma ƙananan ɗigon tsatsa sun fara bayyana a ƙarƙashinta a lokacin damina, sai da na riƙa ja da ita baya ina shanya sarƙar.

Babban aibinta dai nauyi ne. Ba sarƙar yawo ba ce, kuma ina roƙon duk mai hawa babur da kada ya rataya irinta a wuya ko ya ɗaura ta a ƙugu yana tuƙi, domin idan tsautsayi ya sa ya faɗi, wannan ƙarfen zai iya karya masa haƙarƙari ko ƙashin baya.

Wajibi ne kuma in faɗi gaskiya game da injin yanka ƙarfe mai faifai wanda ke aiki da batir. Babu sarƙar da ba ya iya yankewa, har da wannan. Abin da kaurinta ke yi shi ne tilasta wa ɓarawo ya yanka zobe ɗaya a gefe biyu, tun da ƙarfen ba ya buɗuwa da yanka ɗaya, yana yi kuma injin na kururuwa yana watsa tartsatsin wuta da kowa zai gani. Lokaci da hayaniya su ne abin da na saya, shi ya sa nake ƙara mata ƙaramin makulli mai jiniya a faifan birki, in kuma lulluɓe babur da tamfol don kada mai wucewa ya san irin wanda ke ciki. Wanda ke son tabbacin da ya wuce maganar mai sayarwa ya duba ko sarƙar tana ɗauke da shaidar masu gwaji masu zaman kansu, kamar Sold Secure ta Birtaniya ko ART ta ƙasar Holan, wadda ke ba da taurari daga 1 zuwa 5.

Ga mai ajiye babur a wuri ɗaya kowane dare, wanda kuma yake da abin da zai ɗaure shi a jiki, ina ba da shawarar wannan sarƙar ba tare da shakka ba. Da zan sake saye, mai tsawon mita 2 zan ɗauka don gida, in kuma nemi mai milimita 13 wadda za ta shiga akwatin bayan babur don fita.