Littafin Anuhu ko Littafin Yashar: wanne ya dace da mai nazarin Farawa sura 6?

Salama a gare ka, ɗan'uwa. Tsakanin littattafan nan biyu da ka ce an yi maka tallarsu, ka sayi na Anuhu ka bar na Yashar, tunda abin da kake bibiya shi ne zancen mala'ikun da suka yi tawaye. Dukansu biyu suna hannuna, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Littafin Anuhu tsoho ne na gaske. Sura 108 gare shi, kuma kashinsa na farko, daga sura 1 zuwa 36, masana suna ganin an rubuta shi wajen ƙarni na uku kafin haihuwar Almasihu. A nan ne aka faɗaɗa ayoyin nan huɗu na Farawa 6 da suka daɗe suna ɗaure wa masu bi kai, inda aka ce 'ya'yan Allah sun ga 'yan matan mutane kyawawa ne suka aure su. Littafin ya ce mala'iku 200 ne suka sauko a kan Dutsen Harmon ƙarƙashin shugabansu Shemihaza, suka yi rantsuwa a tsakaninsu, suka haifi ƙatti waɗanda suka cika duniya da zalunci, sannan wani mai suna Azazel ya koya wa mutane ƙera takubba da garkuwoyi, da sa kwalli da kayan ado. Daga baya aka ɗaure su cikin duhu suna jiran ranar shari'a. Cikakken littafin bai tsira ba sai a harshen Ge'ez na Habasha, inda Ikilisiyar Otodoks ta ƙasar take lissafa shi cikin Littafi Mai Tsarki har yau. James Bruce, wani matafiyi ɗan Birtaniya, shi ne ya kai kwafi uku Turai a 1773, kuma bayan an fara gano naɗaɗɗun littattafan Kumran, wani wuri mai kogwanni kusa da Tekun Gishiri, a 1947, an sami guntayensa da harshen Aramiya a kogo na huɗu, abin da ya tabbatar cewa Yahudawa suna karanta shi tun kafin zamanin manzanni.

Nawa na Faransanci ne, wani dattijon majami'armu ya kawo mini shi daga Yamai, mai bayanai a ƙasan kowane shafi. Amfaninsa ya fito mini fili wata yamma da muke nazarin wasiƙar Yahuza a gidan wani ɗan'uwa a Zango. Da muka iso aya 14 da 15, inda Yahuza ya ce Anuhu, na bakwai daga Adamu, ya yi annabci cewa Ubangiji yana zuwa da dubban tsarkakansa, sai matasa suka duƙufa neman wannan annabci a Tsohon Alkawari, ba su same shi ba, har wani ya fara shakkar wasiƙar kanta. Na buɗe Anuhu sura 1 aya 9 na karanta musu, na mayar da Hausa, sai ga maganar kusan kalma da kalma. Daga nan aya 6 ta Yahuza da 2 Bitrus 2:4, masu zancen mala'ikun da aka tsare cikin duhu, suka zauna musu daram. Ban taɓa ganin yaran nan sun ɗauki ƙaramar wasiƙar da muhimmanci irin na ranar ba.

Amma a wannan zama ne wata uwa ta tambaya ko ke nan kwallin da take sawa haramun ne, tunda Azazel ne ya kawo shi. Tambayarta ta nuna iyakar littafin. Tatuliyan na Kartaj, wani malamin ikilisiya na zamanin da, wanda ya yarda da Anuhu har ya ce mai yiwuwa Nuhu ne ya adana shi a lokacin ruwan tsufana, ya kafa hujja da wannan labari a kan adon mata. Amma yawancin ikilisiyoyi ba su bi shi ba. Agustin, shi ma babban malamin ikilisiya na zamanin da, a kashi na 15 na littafinsa a kan birnin Allah, ya ƙi karɓar Anuhu, ya kuma ce 'ya'yan Allah zuriyar Shitu ne da suka auri zuriyar Kayinu, ra'ayin da wani marubucin Kirista, Yuliyas Afrikanus, ya riga shi kawowa a ƙarni na uku. Masu wannan fahimta suna riƙe da Matiyu 22:30, inda Yesu ya ce mala'ikun sama ba sa aure, su kuwa masu ɗayan ra'ayin suna nuna Ayuba 1:6, inda 'ya'yan Allah halittun sama ne ba tantama. Ni na fi karkata ga cewa mala'iku ake nufi, domin haka Yahuza da Bitrus suka fi saurin fahimtuwa, amma ba zan raba zumunci da kowa a kan wannan ba. Kuma ambaton da Yahuza ya yi wa aya ɗaya bai mayar da littafin duka hurarre ba, kamar yadda Bulus ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa a Ayyukan Manzanni 17:28 ba tare da waƙoƙinsu sun zama Nassi ba.

Shi kuwa Yashar, kuɗina kawai na zubar. Littafin da Joshuwa 10:13 da 2 Sama'ila 1:18 suka ambata da wannan suna ya ɓace tun da daɗewa. Wanda ake sayarwa da sunansa rubutun Yahudawan zamanin tsakiya ne, an buga shi a birnin Benis na Italiya a 1625, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1840, kuma labarinsa ya tsaya tun kafin zamanin sarakuna, saboda haka makokin da Dawuda ya yi wa Saul da Jonatan, wanda Nassi ya ce yana cikin Yashar, babu shi a ciki. A kan Farawa 6 ma alƙalai da masu mulki ya ce sun ƙwace matan mutane, bai kawo mala'iku ba. Akwai kuma wani Yashar na jabu ƙarara, wanda Jacob Ilive ya buga a Landan a 1751.

Ba ka tambayi wannan ba, amma dole in faɗa maka: ka yi hattara da masu tallar nan. Da yawansu, musamman a WhatsApp, suna ɗauko tsofaffin fassarori da ke intanet kyauta, irin ta R. H. Charles ta Ingilishi ko ta François Martin ta Faransanci ta 1906, su cire sunan mai fassara, su liƙa hoton mala'ika mai fukafukan wuta a bango, su ce maka asiri ne da shugabannin ikilisiya suka ɓoye. Babu abin da aka ɓoye, tunda an buga shi da Ingilishi tun 1821. Wasu suna cakuɗa shi da wasu littattafai biyu masu sunan Anuhu, ɗaya na harshen Silabiya ɗaya na Ibraniyanci, waɗanda suka zo daga baya, wasu ma har su ƙara jerin sunayen mala'iku da za ka riƙa kira domin neman tsari ko buɗin kasuwa. Wannan sihiri ne, kuma Kolosiyawa 2:18 ta yi kashedi a kan bauta wa mala'iku.

Kada ka tura wa kowa ko dala sai ka riƙe littafin a hannunka, ka ga sunan mai fassara da shekarar bugu, ka ƙirga surorin ka ga sun kai 108. In ka samu, ka fara daga sura 6 zuwa 16 da Farawa da wasiƙar Yahuza a buɗe a gefenka, kuma ka nuna wa fastonku kafin ka kai shi taron matasa.