Bature ya ba ni haƙuri a kan titin jirginmu

Jama'a barkanmu da war haka. Masu cewa na yi shiru kwana biyu ku yi haƙuri, sanyin Ingila ne ya kulle ni a ɗaki, kafin in taso aiki duhu ya riga ya yi, babu inda za ka je babu wanda zai leƙo ka, sai in kunna kwamfuta in hau tuƙin jirgin ƙarya. Waɗanda suka san ni sun san wannan jarabar tun ina gida, to anan ta samu wuta da intanet ta yi ƙiba. Microsoft Flight Simulator nake yi, wanda ya fito a 2020, duk da sun saki sabo a 2024 amma kwamfutar tawa ba za ta ɗauka ba.

Akwai wasu ƙananan manhajoji da ake saya a ɗora a kai, kowacce da aikinta, ni wadda na saya aikinta ɗaya ne kawai, ta gaya maka komai game da titin da za ka tashi ko za ka sauka. Kana rubuta haruffa huɗun filin jirgi, misali EGLL na Heathrow, sai wani ɗan allo ya buɗe a gefe ya jero maka tituna. Tsawo, faɗi, kwalta ce ko kankare ko ciyawa, gangarensa, irin fitilun da ke bakinsa, firikwensin na'urar ILS mai jagorar sauka in akwai, har kusurwar da ake gangarowa wadda yawanci digiri 3 ce, amma in ka zaɓi filin jirgin London City za ka ga ta rubuta 5.5 da ja, dan can kaman faɗowa ake yi saboda dogayen gine-gine da maganar ƙara.

Abun da ya fi burge ni shi ne iska. Tana ɗauko rahoton yanayi na gaske na wannan lokacin, wanda matuƙa ke kira METAR, ta lissafa maka a kowane titi nawa ne iskar da za ta bugo ka ta gaba nawa ne ta gefe, ta sa kore a wanda ya dace. Da da ka nake yi, in iska ta kauce wa titin da digiri 30 rabinta ne ke zuwa ta gefe, in ta kai 60 kusan dukanta ne, to yanzu an hutar da ni har na fara zama malalaci. Kuma mai abun ya san aikinsa, dan iskar METAR da arewa ta gaskiya ake auna ta, lambobin titi kuma da arewar kamfas, shi ya gyara bambancin a ciki ba tare da ya yi surutu a kai ba.

Su lambobin nan da ke rubuce da farin fenti a bakin titi ba ado ba ne. Titi 27 yana kallon digiri 270 ne wato yamma, an yanke sifilin ƙarshe, in ka shigo ta ɗaya bakin kuma sunansa 09, kullum tsakaninsu 18 ne. In guda biyu ne a jere sai a ƙara L da R wato hagu da dama, shi ya sa Heathrow ke da 09L/27R mai tsawon mita 3,902 da ƙanensa 09R/27L. Kuma da yake arewar kamfas ɗin tana matsawa a hankali, wataran sai lambar ta daina daidai a zo a goge a sake, filin jirgin Stansted na nan Ingila a 2009 aka mai da titinsu daga 05/23 zuwa 04/22. Duniya gabaɗaya ta yarda a kan zagaye ɗaya da ake kira AIRAC, duk bayan kwana 28 ake sakin sababbin bayanan filaye da hanyoyin jirgi, sau 13 a yawancin shekaru, ranar a sane take tun kafin ta zo.

To duk wannan shimfiɗa ce, ga abun da ya sa na zauna rubutu.

Duk wanda ke nesa da gida kuma yana da wannan wasan ya san inda yake fara zuwa, ba Paris ba New York ba. Gida. Na cika mai, na ɗau hanya, awanni ina zaune ina kallon hamada tana wucewa a ƙasa, da na kusa sai na buɗe allon in ga me zai ce game da filin jirginmu. Rabin layukan babu komai, fitilu babu bayani, gangare babu bayani, sannan ya sa min kore a kan ƙaramin titin nan da ni da idona na gani ta taga ranar da zan baro, an zana masa babban X a baki, ciyawa ta fasa kwaltar ta fito. Wai shi ne ya fi dacewa da iskar yau. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, daga baya kuma sai abun ya ɗan sosa min rai, ko'ina an cika an batse sai namu ne fanko.

A ƙasan allon akwai wani ɗan maɓalli na kai ƙorafi. Ni da na saba in ka ga irin wannan ado ne kawai, na dai rubuta layi biyu a fusace na kwanta. Washegari kafin in gama shirin fita aiki imel ya shigo, ba na inji ba, mutum ne, shi kansa wanda ya rubuta manhajar, wani Bature da yake yi shi kaɗai bayan ya taso nashi aikin. Farkon abun da ya rubuta haƙuri ne. Ya ce ya yi baƙin ciki da na yi doguwar tafiya irin wannan na tarar da bayanin banza, ya bayyana min cewa shi ba ƙirƙira yake ba, yana jawo bayanan ne daga abun da ke cikin wasan da kuma kundin da kowace ƙasa ke wallafawa na filayen jiragenta, AIP, kuma na wajenmu abun da ya iya samu tsoho ne. Sai ya ce in ina so ya mayar min da kuɗina duka kuma in riƙe manhajar. Ban tambaya ba fa. Wallahi sai da na sake karantawa dan na ɗauka akwai tarko a ciki.

Na ce masa ba kuɗi nake so ba, gyara nake so. Ya ce to amma ba zai rufe titi a kan maganar baki ba, ko da ya yarda da ni, in turo masa takardar hukuma, ko sanarwar da ake fitar wa matuƙa, NOTAM, da ta ce an rufe, ko shafin kundin. Anan ne kunya ta fara kama ni, dan na Ingila ba sai ka roƙi kowa ba, NATS masu kula da zirga-zirgar jiragensu sun zuba shi a intanet kyauta, kowane fili da taswirarsa, na Amurka ma haka hukumar jiragensu FAA ta sake shi kowa ya ɗauka. Na je neman namu. Shafin hukumar da abun ya shafa ya buɗe da ƙyar, hoton manya a taro ne ya cika fuskar, inda aka rubuta kundi na danna ya kai ni wajen da babu komai, na biyu ya ce in yi rajista, na yi, saƙon tabbatarwa har yau yana hanya. Na tura imel, shiru. Na kira lambar da ke jiki da kuɗin waya na ƙasa da ƙasa, ta farko a kashe, ta biyu wani ya ɗauka ya tambaye ni wa ya turo ni, me zan yi da shi, daga wane kamfani. Na ce ranka ya daɗe wasan kwamfuta ne. Ya ce in rubuto a rubuce in kawo ofis. Daga Ingila.

Wannan halin namu na ƙi jini. Bayanin da aka yi shi dan a yaɗa, wanda amfaninsa kenan kowa ya sani, mu sai mu zauna a kai kaman kaza a kan ƙwai, sai ka san wani wanda ya san wani. Tsawon titi fa, abun da kowa zai iya aunawa a hoton tauraron ɗan adam yana kwance a gadonsa. Kuma kar wani ya ce min tsaro ne, Heathrow ta fi mu abun tsoro amma har jadawalin da suke musanya titin sauka da na tashi da ƙarfe 3 na rana, dan mazauna kusa su huta da ƙara, a fili yake kowa na iya dubawa.

Na koma na gaya wa Baturen gaskiya cewa ban samu ba. Bai yi min izgili ba, da ma ya yi da na samu abun riƙewa. Ya ɗauko hotunan tauraron ɗan adam da kansa ya ga X ɗin, ya ce ba zai rubuta an rufe ba tunda babu takarda, amma ya daina bari manhajar ta ba da shawarar titin, ya sa masa alamar rawaya cewa ba a tabbatar ba. A sabuntawar da ta biyo baya na ga layin a jerin gyare-gyare, har da godiya ga mai amfani da ya kawo rahoto. Sai ya ƙara wata magana da ta fi komai zafi, wai tunda ya fara sayarwa ni ne farkon wanda ya taɓa turo masa ƙorafi daga ɓangarenmu, shi ya ɗauka babu masu yi ne a can.

Akwai masu yi mana, na san su, mun cika guruf. Amma da wane baki za ka kai ƙorafi a kan abun da ka sauke ta bayan gida? Yawancinmu kwafin sata ne, wanda aka fasa, a tura a filasha daga hannu zuwa hannu, bayanan ciki na shekarun baya, ba ya karɓar sabuntawa, in ya yi ƙarya sai dai ka ce haka yake. Na san uzurin, katin banki ba ya wucewa, canji ya yi tsada, data ba ta isa, duk gaskiya ne. Amma akwai na kyauta na halal, Little Navmap kyauta ne kuma yana nuna tituna da iska, SimBrief ma ana buɗe asusu kyauta, OurAirports kuwa kowa na iya shiga ya gyara bayanin filin da ya sani. Wannan ba kuɗi yake ci ba, minti goma ne, mu dai mun fi son mu yi tsaki mu ce Turawa sun raina mu.

Kar ku ɗauka nan ɗin aljanna ce. Abun da ya ishe ni anan shi ne ba ka taɓa gama biya. Ka sayi wasan, ka sayi jirgi daban, ka sayi fili daban, sannan in kana son bayanan nan na kwana 28 su riƙa shigowa sai ka yi biyan wata-wata, a zare daga katinka shiru ko ka kunna ko ba ka kunna ba. In ka daina biya kuma allon titi ya ce abu ɗaya kwamfutar cikin jirgi ta ce wani, dan zagayensu ya sha bamban, ka nemi hanyar sauka ka rasa. Ga sabuntawa, ka dawo a gajiye kana son ka yi awa ɗaya kawai, ya ce sai ka sauke wani tulin gigabait tukun, in ya gama kuma rabin abubuwan da ka ɗora sun daina aiki sai masu su sun biyo baya. Manyan shagunan intanet ɗin kuwa in ka yi musu magana inji ne ke amsawa, ya yi ta juya ka yana tambayar ko amsar ta taimaka. Mutuncin da na samu wajen mutum ɗaya na same shi, ba wajen kamfani ba. Ko da yake dokar ma tana bayanka, tun 2015 dokar haƙƙin masu saye ta nan ta haɗa da kayan dijital, in ba ya aiki yadda aka faɗa kana da ikon a gyara ko a rage maka kuɗi, shagon wasanni na Steam kuma in ba ka wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka yi awa 2 kana wasa ba suna mayarwa.

Sai murya. Manhajar tana da wata mata da ke magana in ka kusanci titi, ta faɗi lambarsa, in ka hau ta sake faɗa, in gajere ne ta yi gargaɗi, in kana sauka ta riƙa ƙirga maka sauran mitocin da suka rage. Farko ta dame ni, tsakar dare maƙoci na barci bango kaman kwali ita kuma tana ta faɗin lamba. Amma kwaikwayon na'urar gaske ce, RAAS ta kamfanin Honeywell, kuma dalilinta ba wasa ba ne. A Agustan 2006 a Lexington ta Amurka jirgin kamfanin Comair ya hau titi 26 mai ƙafa 3,500 maimakon 22 mai ƙafa 7,000, da asuba kafin gari ya waye, titin ya ƙare bai tashi ba, mutum 49 cikin 50 suka rasu. Tun da na karanta wannan na bar ta a kunne, na dai sayi abun kunne.

Wani abun da allon ya koya min shi ne tsawon titi ba lamba ɗaya ba ce. Akwai TORA wato iya inda za ka yi gudu ka tashi, akwai LDA iya inda za ka sauka a kai, kuma sau da yawa na saukar ya fi gajarta saboda an matso da bakin titin ciki, wajen da za ka ga an zana kibiyoyi, ka iya tashi daga nan amma ba ka dira a kai. A filin gida waɗannan layukan biyu har yanzu fanko ne, ni kuma ina sauka a haka, ina bin fitilun PAPI na wasan masu nuna ko kana gangarowa daidai, fari biyu ja biyu, ban san ko na gasken suna nan a wajen da aka sa su ba. In na tsaya na kashe inji sai in juya kyamara in yi ta kallon ginin, bai ma yi kama da namu ba, wani akwati ne kawai kwamfuta ta dasa.

Dan haka 'yan uwa da ke aiki a filin jirgi ko makarantar koyon tuƙi, duk wanda ke da shafin kundin nan na yanzu, wanda aka wallafa a hukumance, ya taimaka ya turo min ta akwatin saƙo. Ba hoton da aka ɗauka a ɓoye a ofis nake so ba, Baturen ba zai karɓa ba, kuma ba na so a kori kowa daga aiki saboda jirgin ƙarya. Shafin da ke da tsawon tituna da fitilu da firikwensi, da kwanan watan zagayen a jiki, shi kawai.