Akwatin haɗa Old Fashioned: ma'auni da robar ƙanƙara ne kawai suka ci kuɗinsu

Uwargida ce ta saya min akwatin nan a Kirsimeti, bayan ta gaji da jin ƙorafina kan kuɗin da ake karɓa a mashayar birnin Louisville na Amurka kan kofi ɗaya da bai wuce kurɓa biyar ba. Akwatin katako ne mai ƙyalli. A ciki akwai babban kofin gilas na haɗi, dogon cokali mai murɗaɗɗen hannu, ma'auni mai baki biyu, 'yar taɓarya, matata, sai robar daskarar da manyan ƙanƙara shida. Wata uku ke nan ina amfani da shi, yawanci daren Juma'a in an tashi daga aiki.

Tun da wuri gara in faɗa: Old Fashioned abin sha ne da ake haɗawa da burbon, burbon kuwa giya ce, wuskin Amurka ne mai ƙarfi. 'Yan'uwa Musulmi, wannan ba naku ba ne, har da 'yar kwalbar Angostura mai takardar da ta fi ta tsawo, wadda wasu ke ɗauka maganin ciki ne su ɗiga a soda. Gaskiya ne likita ne, Johann Siegert, ya ƙirƙiro ta a 1824 a Benezuwela don ciwon ciki, amma barasar cikinta kashi 44.7 ce cikin 100, ta fi ta yawancin wuski.

Old Fashioned kuwa ma'anarsa “irin na da”, kuma abu huɗu ne kacal: wuski, sukari, ɗigon ɗaci irin Angostura, ruwa. Haka wata jaridar garin Hudson ta jihar New York ta bayyana irin wannan haɗi tun 1806. Mutanen Louisville na bugun ƙirji cewa a kulob ɗin Pendennis aka fara shi, har birnin ya ayyana shi abin shansa na hukuma a 2015. Ni dai ban shiga wannan gardama ba, baƙo ne ni.

Daren farko na bi 'yar takardar da ke cikin akwatin sau da ƙafa. Wai a daka yankan lemu da ceri (wani ɗan itace ƙarami ja) da sukari, a zuba burbon, a cika da soda. Abin da ya fito kamar lemon kwalbar da ya kwana a buɗe, ga tsakin lemu na yawo a ciki. Na kai wa maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin mashaya kafin ya yi ritaya. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ce, “Ɗana, miya ka yi ko giya? Ajiye taɓaryar nan.” Na ce, “Baba, ai haka aka rubuta.” Ya ce wanda ya rubuta taɓarya yake son sayarwa.

Abin da ya koya min ba shi da wuya. A narkar da sukari da ruwa, awo ɗaya-ɗaya, a ajiye a firji, domin sukari ba ya narkewa sosai a barasa mai sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi kamar yashi. Ƙaramin cokali ɗaya na wannan ruwan, ɗigo biyu ko uku na Angostura, mililita 60 na burbon. A nan ma'aunin ya nuna amfaninsa. Da ido nake zubawa a da, ashe kullum ina wuce gona da iri, kwalba na ƙarewa da wuri, kai na nauyi da safe. Sai a sa ƙanƙara a juya a hankali kamar daƙiƙa 30, ba a girgizawa. A ƙarshe a fere ɓawon lemu siriri, ban da farin ɓangaren nan na ciki mai ɗaci, a matse shi a saman kofi man ya fesu. Ƙanshin nan ne ke fara tarbar hanci kafin harshe ya taɓa komai.

Ƙanƙara ce ta fi ba ni wahala, kuma ita ce rabin aikin. Ƙanana kan narke nan da nan su mayar da abin salam, babba guda kuwa tana sakin ruwa kaɗan-kaɗan. Robar ta yi kyau, sai dai ba ta da murfi, firizarmu kuma gidan daddawa ce da busasshen kifi. Zagaye na biyu na sha Old Fashioned mai warin miyar kuka. Yanzu a leda mai zif nake rufe ta. In kuma ina son ƙanƙara garau kamar gilas, sai in cika ƙaramar kula da ruwa, in sa ta a firiza ba murfi kwana ɗaya: ruwan na daskarewa daga sama zuwa ƙasa, yana tura iskar ciki can gindi, sai a yanke saman.

Game da kwalbar da za a saya, kada wanda ya ruɗe ka da tsada. Dokar Amurka ta riga ta tsare ka: sai masara ta kai kashi 51 cikin 100 na hatsin, an kuma ajiye shi a sabuwar gangar katakon oak da aka babbake cikinta, kafin a kira shi burbon. Zaƙin nan mai kama da ƙonannen sukari daga gangar yake. Abin dubawa shi ne ƙarfin barasar. Mai kashi 40 yakan yi laushi in ƙanƙara ta narke. Na fi son Wild Turkey 101, mai kashi 50.5, yana da ɗan yaji kuma yana tsayawa da ƙafarsa har kurɓar ƙarshe. Uwargida ta fi son Maker's Mark, mai alkama a ciki, wai ya fi taushi a maƙogwaro.

To, sauran kayan fa? Cokalin ba laifi. Kofin haɗin na da kyau a ido, amma a kofin sha ma ana iya haɗawa, ka rage wanke-wanke, matatar kuma ta zama ba ta da aiki. Da ni ne mai saye, ma'auni da robar ƙanƙara mai murfi zan ɗauka daban, canjin in ƙara a kuɗin kwalba. Ban faɗa wa uwargida haka kai tsaye ba, kyauta ce. Amma ina jin ta gane, domin taɓaryar ta koma kicin tuntuni, da ita take daka tafarnuwa da citta.