Karatun Akanta a Akra da Kumasi: Yadda Za a Auna Kuɗi da Abin da Takardar Ke Kawowa

A Nima, Mamobi, Madina ko Aboabo, in yaro ya kawo sakamakon WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, ya ce akanta yake son karantawa, tambayar farko a gida ita ce nawa ne kuɗin makaranta. Tambayar tana kan hanya, sai dai ba ta kai ƙarshen hanyar ba. Digiri shekara 4 ne, sai shekara 1 ta hidimar ƙasa, sannan ga jarrabawar ICAG, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Gana da aka kafa a 1963. Sai ɗan wannan cibiya mai lasisi ne ke iya sa hannu a rahoton binciken kuɗin kamfani, kuma manyan kujerun ofishin kuɗi galibi shi suke nema. Don haka lissafin da ya kamata a yi shi ne na tun daga sayen fom har zuwa ranar da aka gama ICAG.

Jami'o'in gwamnati su ne mafi sauƙi, amma da sharaɗi. A Jami'ar Gana da ke Legon da KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ana karanta akanta ne a ƙarƙashin digirin harkokin kasuwanci, kuma gurbi iri biyu ne: na tallafin gwamnati, da na masu biyan cikakken kuɗi. Aji ɗaya, malami ɗaya, takarda ɗaya, amma kuɗin na biyun ya zarce na farko nesa ba kusa ba. Abin da ke raba su shi ne jimillar maki a darussa 6: Turanci, lissafi, kimiyya ko ilimin zamantakewa, da darussan zaɓi 3. A ma'aunin da aka saba, A1 maki 1 ne, C6 maki 6, kuma ƙanƙantar jimilla ita ce nasara. Wanda ya tara 36 ya cika ƙa'idar shiga jami'a a takarda, amma a fannin kasuwanci na waɗannan makarantu biyu ba zai ko ji ƙanshin gurbin tallafi ba. Nan ne iyaye ke faɗawa rami. Takardar shiga ta zo, an yi murna, an haɗa kuɗin shekarar farko da gudummawar dangi, ba wanda ya lura gurbin cikakken kuɗi ne. A shekara ta biyu sai a rasa mai ɗauka. A karanta takardar shiga da kyau kafin a biya ko sisi, a ninka kuɗin sau 4, a kuma bar sarari domin ana yin ƙari.

UPSA, jami'ar karatun ƙwararru da ke tsakanin Legon da Madina, ta cancanci a dube ta da idon basira. Ta faro a 1965 a matsayin makarantar shirya mutane don jarrabawar ƙwararru, kuma har yau wannan jinin na jikinta. Tana da digirin akanta kai tsaye, da ajin safe, na yamma da na ƙarshen mako. Yaron da ke tsare shago a kasuwar Madina da rana zai iya shiga ajin yamma ya kwana a gida. Ajin yamma da na ƙarshen mako sun fi na safe tsada, amma mai aiki bai ajiye abin da ke ciyar da shi ba.

Wurin kwana shi ne ke cin kuɗi a ɓoye, wani lokaci fiye da kuɗin karatun kansa. A KNUST ɗakunan makaranta na 'yan shekarar farko ne, daga nan sai a nemi ɗaki a Ayeduase, Kotei ko Bomso, inda ake biyan kuɗin shekara gaba ɗaya tun kafin a shiga. Ɗan Asawase ko Aboabo da zai hau trotro daga gida ya tsira daga wannan, amma shi ma ya yi nasa lissafin. A ce zuwa da dawowa sidi 20 ne a rana, kwana 5 a mako, mako 32 a shekara: sidi 3,200 ke nan, ban da abincin rana. A sa ainihin kuɗin motar unguwa a wannan lissafi, a ajiye shi kusa da kuɗin ɗaki, sai a ga wanda ya fi. Ga 'ya mace kuwa a ƙara da lokacin tashi daga aji, don dawowa Nima daga ajin yamma bayan Isha'i magana ce da ya kamata gida ya daidaita tun farko.

Akwai hanyar HND, wato babbar difloma, a Jami'ar Fasaha ta Akra da ta Kumasi, waɗanda suka tashi daga kwalejin fasaha zuwa jami'a a 2016. Shekara 3 ne, sharuɗɗan shiga sun fi sassauci, kuma ana koyon riƙe littafin kuɗi da hannu sosai. Illarta ita ce wurare da dama na ɗora mai digiri sama da mai HND a matakin albashi, ga shi ƙarin karatun cike giɓi zuwa digiri yakan ci kusan shekara 2. Wanda ya san digiri yake so ya haɗa shekarun biyar ya auna su da huɗu. Karatun nesa na Jami'ar Cape Coast, mai cibiyoyi a Akra da Kumasi, ya fi dacewa da ma'aikaci ko magidanci da ya haura shekara 25, wanda zai iya shiga ta jarrabawar manya. Yaro ɗan 18 da ba mai tsaya masa a kai yakan sake da shi.

Jami'o'i masu zaman kansu sun fi tsada a bisa al'ada, sai dai sukan yarda a biya kaɗan-kaɗan, kuma ajinsu bai cika cunkoso ba. Abu biyu za a tabbatar. Na farko, GTEC, hukumar da ke kula da manyan makarantu, ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba, kuma wa'adin amincewar bai ƙare ba. Na biyu, wace jami'a ce za ta ba da takardar, domin wasu kwalejojin a ƙarƙashin wata babbar jami'a suke yaye ɗalibai. Kwas marar amincewa na iya hana mutum hidimar ƙasa, ICAG ma ta ƙi kallon takardar.

Batun abin da ke biyo bayan karatu, a yi hattara da tallan da ke cewa kusan duk ɗalibanmu sun sami aiki. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne darussa nawa ake yafe wa ɗaliban makarantar a jarrabawar ƙwararru. ICAG mataki 3 ne. Mai digirin akanta yakan tsallake matakin farko, wani lokaci da wani sashe na biyu, gwargwadon abin da ya karanta, amma na uku sai ya zauna ya rubuta. Yafiyar ma ba kyauta ba ce, ana biyan kuɗi a kan kowane darasi. Jarrabawar ACCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Ingila, darussa 13 ce, tana iya yafe har 9, sai dai da fam ake biya, kuma duk sanda sidi ya faɗi nauyin ya ƙaru. ICAG da ACCA duka suna buƙatar shekara 3 na aiki a ƙarƙashin kulawa. Wanda zai yi aiki a Gana, musamman a hukumar haraji ta GRA, ofishin Babban Akanta ko Hukumar Binciken Kuɗi, ICAG ta fi masa araha da amfani, domin tana koyar da harajin Gana da lissafin kuɗin gwamnati. Manyan kamfanonin binciken kuɗi, KPMG, PwC, Deloitte da EY, kuwa suna ɗaukar sababbin ɗalibai ta gwaji, kuma suna duba matakin digiri, don haka sakamako mai kyau daga makaranta mai araha ya fi na lallaɓe daga mai suna.

Kafin a sayi fom, a nemi ɗalibin shekarar ƙarshe a tambaye shi ko sun taɓa manhajojin lissafi irin su Excel, Tally ko QuickBooks da hannunsu, ko sun lissafa albashi da kason fansho na SSNIT, kashi 5.5 daga ma'aikaci da 13 daga mai aiki. A tambayi sashen akanta, a rubuce, darussan da ICAG ta yafe wa waɗanda suka gama bara. Asusun lamunin ɗalibai na SLTF yana ba da rance da Ghana Card ba tare da mai tsayawa ba, kuma a 2025 gwamnati ta fara ɗauke kuɗin karatun shekarar farko a makarantunta. Wannan shekara ɗaya ce kawai, bai kuma haɗa da ɗaki ba, saboda haka sauran ukun a rubuta sunan wanda zai biya kowacce tun yanzu.