Aikin muƙamuƙi mai yawan gocewa: yadda na same shi

Tun da aka yi mini aikin muƙamuƙi a wani asibitin koyarwa, 'yan uwa da abokan aiki ke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya ji kafin ya sa hannu a takardar amincewa.

Na yi shekaru da wannan lalura. Hamma, ko dariya mai ƙarfi, ko babbar loma, sai bakina ya ƙage a buɗe, haɓa ta turo gaba, yawu na dalala, magana ba ta fita. Ga shi ni malamin makaranta ne, da baki nake neman abinci. Duk sanda muƙamuƙin ya goce sai sashen gaggawa: likita ya naɗe manyan yatsunsa da bandeji, ya ɗora su a kan turamen haƙoran ƙasa, ya danna ƙasa sannan ya tura baya, sai ka ji ƙwas. Yana komawa, amma kowace gocewa tana ƙara sassauta jijiyoyin da ke riƙe da gaɓar.

Likitan fuska da muƙamuƙi ne ya fara zaunar da ni da hoton CT, wato hoton asibiti mai nuna ƙasusuwa da cikin jiki, a gabanmu. A daidai gaban kunne, kan ƙashin muƙamuƙi yana zaune cikin wani ɗan rami a gindin ƙoƙon kai, a gabansa kuma akwai ɗan tudun ƙashi. In ka wage baki, kan yana zamowa gaba. Ni nawa tsallake tudun yake yi, naman wurin ya ɗaure, hanyar komawa ta toshe.

Bai yi gaggawar yanka ba, kuma na yaba masa a nan. Sai da aka fara ɗibar jinina daga hannu aka yi mini allurarsa a cikin gaɓar, aka ɗaure mini kai da haɓa, don wurin ya yi tabo ya ƙara tsauri. Na samu sauƙin 'yan watanni, abin ya dawo. Duk da haka ba zan hana kowa gwadawa ba, domin ba yanka, kuɗin ma kaɗan ne.

Aikin da aka yi mini sunansa eminectomy, wanda wani likita ɗan Norway mai suna Myrhaug ya fara bayaninsa a 1951. Ana tsaga fata a gaban kunne, a goge tudun nan har ya baje. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne, aikin ba ya hana muƙamuƙi zamowa gaba. Shingen da ke hana shi komawa ake kawarwa. Likitan ya ce, "Malam, ƙofar za mu bar masa a buɗe, ya fita ya dawo da kansa." Akwai wata hanyar da ake ƙara wa tudun tsawo don ya tare ƙashin, amma ya ce a wurina wannan ta fi dacewa.

Barci aka sa ni gaba ɗaya, aka zura bututun numfashi ta hanci, don haka na farka da ciwon maƙogwaro da kumburi har kunci. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tayar mini da hankali girata ta dama ce, da ta ƙi ɗaguwa. Ashe reshen jijiyar da ke motsa goshi ta nan yake bi, kuma ko janye shi aka yi a lokacin aiki yakan yi sanyi. Ta dawo daidai a hankali, amma da an faɗa mini dalla-dalla tun farko, da ni da maiɗakina ba mu kwana da fargabar shanyewar fuska ba. Ƙorafina na biyu ɗage ranar aiki da aka yi ta yi, ga kuma sayen kayan aiki a kantin magani na waje.

Sai zaman kunu, koko da fate. Kilishi, rake da goro kuwa sai kallo. Motsa muƙamuƙi da aka ce in riƙa yi kullum ya fi ɗinkin ciwo, amma in ka yi ragwanci bakin ƙanƙancewa yake yi. Yanzu tabon ya ɓuya a lanƙwasar kunne, ina hamma ba fargaba, kodayake nakan ji ɗan ƙara in ina tauna abu mai tauri.

Wannan duk ga mai gocewa yana komawa ne. A ɗakin jinya na haɗu da wani dattijo da nasa ya goce aka yi watanni ana kai shi wurin masu ɗori. Nama ya riga ya cike ramin, hannu ba ya mayar da shi, aikinsa ya fi nawa girma nesa ba kusa ba, har sai da aka ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya.