Jidda ko Dubai: amsa ga Hajiyarmu ta Tawa kan yawon jirgin ruwa

Hajiya, barka da warhaka. Na ga tambayar da kika ajiye a zaure: bayan Umra kina so ki kai Inna da yara yawon shaƙatawa a babban jirgin ruwa, an kawo miki tayi biyu, ɗaya ya tashi daga Jidda ya zaga Bahar Maliya, ɗaya ya tashi daga Dubai ya zaga Tekun Fasha, kina neman wanda ya fi kwanciyar hankali. Wasu sun ce miki ki haƙura da duka biyun, wai wurin duk wuta ce. Ni ban ce haka ba. Ga yadda na auna su.

Mu fara da Bahar Maliya, tun da ita ce sunanta ya fi ɓaci. A Nuwamba 2023 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa hari. Sun kama Galaxy Leader a wannan watan, Rubymar ya nitse a Maris 2024, a Yuli 2025 kuma Magic Seas da Eternity C suka bi shi, har da asarar rayukan ma'aikata. Duk waɗannan jiragen dakon kaya ne, kuma yawancin hare-haren a kudu suka faru, wajen mashigin Bab al-Mandab da gaɓar Yaman. Kamfanonin yawon shaƙatawa ba su tsaya gwada sa'a ba, a 2024 da yawansu suka gwammace su zagaya Afirka ta ƙasa da su ratsa wurin. Daga Jidda zuwa wannan mashigi kusan kilomita dubu ne, kamar ki ce daga Yamai zuwa Agadas. Jirgin da ya tashi daga Jidda kuwa arewa yake nufa, Sharm el-Sheikh a Masar ko Akaba a Jodan, wato ya ba wurin rigimar baya. Wannan bai sa na ce miki arewar aljanna ba ce. A Maris 2022 makamin Huthi ya faɗa kan ma'ajiyar mai a cikin Jidda kanta, kuma Akaba maƙwabciyar Eilat ce ta Isra'ila, garin da aka sha harba wa makamai daga Yaman.

Tekun Fasha a ido ya fi kyau. Dubai, Abu Dabi, tsibirin Sir Bani Yas, Doha, tashoshi ne na zamani, kusa da juna, jirgi ya kwana yana tafiya ya wayi gari a wata ƙasa, ruwan kuma ba ya cika tashi. Ga mai tafiya da tsohuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki buɗe taswira ki duba. Bahar Maliya ƙofa biyu gare ta, Suwez a arewa, Bab al-Mandab a kudu, in ɗaya ta yi zafi akwai ɗaya. Tekun Fasha ɗaki ne mai ƙofa guda, mashigin Hormuz, kuma Iran ce zaune a bakin ƙofar. A Afrilu 2024 dakarunta suka kama jirgin kaya MSC Aries kusa da wurin. A Yuni 2025, cikin yaƙin kwana 12 tsakanin Iran da Isra'ila, Iran ta harba makamai kan sansanin Amurka na Al Udeid a Katar, aka rufe sararin samaniyar Katar na sa'o'i, matafiya suka cika filayen jirgi. Abu Dabi ma ta ga nata a Janairu 2022, lokacin da harin Huthi ya kashe mutum 3.

A nan ne nake so ki tsaya, domin abin da ya fi kusa da samunki ba makami ba ne, rufewar hanyar komawa gida ce. Mu 'yan Nijar ba sai an yi mana bayani ba. Mun ga Agusta 2023, da aka rufe samaniyarmu kusan wata guda, 'yan uwa suka maƙale a ƙasashen waje, kuɗin masauki yana cin jari. Daga filin jirgin Diori Hamani sai kin bi ta Adis Ababa, Istanbul ko Kazabulanka, don haka kowace matsala a can sai ta ninka kafin ta iso gare ki. To ki tambayi kanki, in abu ya ɓaci, a ina kika fi son ki maƙale da Inna da yara? A Jidda akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar, akwai Hausawa birjik, Makka na nan kusa, jiran kwana biyar ma sai ya zame miki ƙarin ɗawafi. A Dubai kuwa kowane dare na otel sai kin ji shi a jaka.

Batun zama cikin jirgin, Jidda ta sake cin maki. Kamfanin Saudiyya, Aroya, da ya fara aiki a Disamba 2024, ba giya ba caca a jirginsa, abinci na halal, ga wurin salla. Jiragen Turawa da ke zuwa Dubai daga Nuwamba zuwa Maris kuwa da mashaya da gidan caca suke tafe, ki san abin da Inna za ta gani. Sai dai jirage kan sauya teku bisa ga lokaci, shi Aroya ma a bazarar 2025 daga Istanbul yake tashi, don haka ki tabbatar yana Jidda a watan da kike so.

Takardu kuma ba ruwansu da wanda kika zaɓa. Fasfo ya zama da sauran wata 6 aƙalla, katin rigakafin shawara yana hannu. Inda mutanenmu suka fi faɗawa shi ne biza: jirgin zai fita da ke daga ƙasar da kika hau shi, ya dawo da ke, wato shiga ta biyu ke nan. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba. Kada ki yarda da "ba matsala" ta mai ajans, ya rubuta miki wace biza fasfon Nijar yake bukata a kowace tasha, Masar da Jodan ko Katar da Oman.

Sai abu biyu da ba a faɗa wa mai saye. Yarjejeniyar tikiti ta ba kamfani damar soke tasha ko sauya ta saboda tsaro, kuma galibi ba ya mayar da kuɗin tafiyar, sai ɗan harajin tashar. Haka aka yi wa masu zuwa Haifa da Ashdod a Oktoba 2023. Yawancin asirans na tafiya kuma ya cire yaƙi daga abin da yake biya, ki sa a karanta miki wannan layin kafin ki sa hannu. Ki sayi tikitin jirgin sama da ake iya ɗaga ranarsa ko da ya fi tsada, ki riƙe maganin Inna na ƙarin mako guda, ki ware kuɗin kwana biyar a gefe. In an sauka wata tasha, ku bi motar yawon da kamfanin jirgin ya tanada. Ita in ta makara ana jiranta, mai tasi da kika ɗauka da kanki ba a jiransa.

In ni ce, Jidda zan ɗauka, gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu zuwa arewa, in bar biyan cikon kuɗin sai ranar ƙarshe da yarjejeniya ta yarda, ina sauraren labarai. Ki turo mini takardar da mai ajans ya ba ki in duba layin bizar. A gaida Inna da mutanen Tawa.