Hattara da masu tallar tsofaffin motocin Amurka da sunan gwanjo

Jama'a, musamman 'yan'uwa mazauna Amurka da masu sayo mota daga can, a yi hattara. Akwai mazambata da ke buɗe shafuka a intanet suna tallar motocin nan masu ƙarfin inji na shekarun 1960 da 1970, irin su Pontiac GTO da Dodge Charger da Chevelle SS. Hotunan na gaske ne, amma sato su suke yi daga shafukan manyan kamfanonin gwanjo kamar Mecum da Barrett-Jackson. Sai su ce wai wanda ya ci gwanjon ya kasa biya, don haka za a sakar maka a rabin kuɗi, ka turo kafin alƙalami yau-yau ta banki. Kuɗin na shiga, shafin ya ɓace.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda motar tana nan, ka gan ta da idonka, amma ba ita ba ce. A ɗauko Pontiac LeMans, mai kama da GTO amma ba ta kai ta tsada ba, a manna mata tambarin GTO, a sauya fenti da murfin inji. Ko Plymouth Barracuda ta gama-gari a dasa mata injin Hemi mai ƙarfi, a ce Hemi 'Cuda ce ta asali. Dalili kuwa kuɗi ne: a 2014 an sayar da Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi a gwanjon Mecum na Siyatil kan dala miliyan 3.5. Wa zai ga wannan riba a mazambata bai gwada ba?

Kada dillali ya rufe ka da rahoton Carfax, kamfanin da ke ba da tarihin mota ta lambar shasinta. Lambar shasi mai haruffa 17 ta fara ne a 1981, motocin da suka girme ta ba su cikin wannan rahoto. GTO ta 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa. Ta 1964 da 1965 kuwa lambar ba ta nuna ko GTO ce, sai an nemo takardar masana'anta daga Pontiac Historic Services. Ford daga 1967 kuma Marti Report ake nema, wato rahoton yadda motar ta fito daga masana'anta.

Kafin ka fitar da ko sisi, kira kamfanin gwanjon a lambar da ke shafinsu na asali, ka ba su lambar motar. Sannan ka biya masanin irin wannan mota, wanda ba mai sayarwa ne ya kawo shi ba, ya je ya duba ko lambar jikin inji ta dace da ta shasi. In aka hana shi ganinta, to ka riƙe kuɗinka.